Jagorar Kiyasin Kalmomi: Daga Maƙera Zuwa Zauren Jarrabawa

 

Dalilin rubuta wannan jagora shi ne, wata rana da la'asar sakaliya, ana yayyafin nan na Mancesta wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa, 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara goma, ta dawo daga ɗakin karatu na unguwarmu Withington, wanda ke bakin titin Wilmslow tun shekarar 1927, ta zo ta durƙusa gabana da littafin gwajin tambayoyi a hannunta, ranta a ɓace. Ta ce, "Kawu, wallahi duk kalmomin nan na san ma'anarsu, amma kullum sai in zaɓi wadda ba ita ba." Na karɓa na duba, sai na ga ashe tambayoyin kiyasi ne, irin waɗanda akan ba yaro kalmomi biyu masu dangantaka, a ba shi ta uku, a ce ya nemo ta huɗu. Na ce, "'Yata, zauna. Ba sanin kalma ne ya gagare ki ba, igiyar da ta ɗaure kalma da 'yar'uwarta ce ba ki nema ba tukuna."

Iyaye da yawa daga cikinmu suna fama da wannan al'amari, domin makarantun gwamnati masu zaɓen ɗalibai ta hanyar jarrabawa, irin na yankin Trafford da ke maƙwabtaka da mu, da na gidauniyar Sarki Edward na Shida a Barmingam, wadda asalinta ke komawa 1552, suna gwada yara suna 'yan shekara goma, kuma gwajin fahimtar kalmomi yana daga cikin abin da akan sa musu. Sai na ga ya wajaba in tattara abin da na koya wa yarinyar nan, in ɗauko misalaina daga kalmomin ƙira da zayyana, saboda babu fagen da dangantakar abubuwa ta fi fitowa sarari kamar fagen masu sana'a, inda kowane abu ke da mai yinsa, da abin da aka yi shi da shi, da wurin yinsa, da amfanin da aka nufa da shi.

Ma'anar kiyasi da rukunansa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ji karatun usulul fiƙhi, ya san cewa kiyasi ba baƙo ba ne a gidanmu. Tun zamanin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ma'abucin Risala, malamai suka daidaita hanyar riskar da mas'alar da babu nassi a kanta ga mas'alar da ke da nassi, suka kuma bayyana cewa rukunan wannan aiki huɗu ne: asali, da far'i, wato reshe, da illa, da hukunci. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne na giya: an haramta ta, illar haramcin kuwa ita ce sa maye, saboda haka duk wani abin sha da aka ƙago daga baya, ko da launinsa da sunansa da ɗanɗanonsa sun saɓa, matuƙar yana gusar da hankali, to hukuncin giya ya hau kansa. Ruwan inabin da bai fara tsami ba kuwa, duk da ya fi kowane abu kama da giya a ido, hukuncin bai shafe shi ba, domin illar ba ta tare da shi. Malaman manɗiƙi, masu karanta Sullam na Shehu Ahlari, sukan kira irin wannan aunawa da sunan tamsili.

To, tambayar da ake yi wa yaranmu ita ma a kan rukunan nan huɗu take tsaye. Kalmomi biyu na farko su ne asali. Kalma ta uku ita ce reshe. Dangantakar da ke tsakanin biyun farko ita ce illa. Kalma ta huɗu da ake nema ita ce hukunci. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin, domin zai daina neman kalmar da ta yi kama da wata, ya koma neman dangantakar da ta yi daidai da wata. Hausawa ma sun ce, kama da wane ba wane ba ne.

Harshenmu ya riga ya koya mana

Wani abin farin ciki shi ne, yaron da ya tashi yana jin Hausa yana yin kiyasi kullum ba tare da ya sani ba. Dubi yadda muke gina sunaye da ɗafa "ma" a gaban aikatau. Daga ƙira muka sami maƙeri, daga saƙa masaƙi, daga rini marini, daga jima majemi, daga gini magini. Wannan shi ne abin da masu nahawu ke kira ismul fa'ili, sunan mai aikatawa. Daga waɗannan ayyuka dai muka sami maƙera, da masaƙa, da marina, da majema, wato ismul makani, sunan wurin aiki. Sa'an nan muka sami mabuɗi, da madubi, da magogi, da matsefi, wato ismul alati, sunan kayan aiki. Idan aka ce wa yaro matsayin marini ga marina shi ne matsayin majemi ga me, ba zai yi jinkiri ba zai ce majema, ko da kuwa bai taɓa ganin karofin Ƙofar Mata a Kano ba, bai kuma taɓa jin warin bagaruwa ba, saboda awon kalmar ya isar masa. Abin da ya rage ga uba ko uwa shi ne su nuna masa cewa abin da harshensa ke yi da kansa, shi ne dai ake so hankalinsa ya yi da gangan a ranar jarrabawa, ko da wane harshe aka yi tambayar.

Matakan warware tambaya

Mataki na farko shi ne a rufe amsoshin da aka jera, da tafin hannu ko da takarda, a dubi kalmomi biyu na asali kaɗai, a haɗa su cikin jumla ɗaya cikakkiya wadda ke da aikatau. A ce an ba mu maƙeri da ƙarfe. Ba ya isa a ce maƙeri yana da alaƙa da ƙarfe, domin wannan magana ba ta fayyace kome ba. Sai a ce, maƙeri yana sarrafa ƙarfe ya mai da shi wani abin amfani. Wannan jumla ita ce illa, kuma wajibi ne yaro ya furta ta da bakinsa a lokacin bita, domin dangantakar da ba a iya faɗa ba, ba a gama fahimtarta ba.

Mataki na biyu shi ne a ɗauki kalma ta uku a zuba ta cikin jumlar nan ba tare da an sauya ko harafi ɗaya ba, a kuma yi ƙoƙarin ba da amsa tun kafin a buɗe jerin. Idan kalma ta uku masassaƙi ce, sai a ce, masassaƙi yana sarrafa me ya mai da shi abin amfani? Zuciya za ta ce itace.

Mataki na uku shi ne abin da malaman usulu ke kira sabru da taƙsimi, wato a jera duk abubuwan da ke iya zama amsa, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a zubar da wanda bai cika sharaɗi ba har a tsira da guda. A ce an jera gizago, da turmi, da itace, da kurmi. Dukansu huɗun dangin masassaƙi ne, kuma nan ne tarkon yake, domin mai tsara tambaya ba ya kawo baƙuwar kalma, sai 'yar gida. Amma gizago kayan aikinsa ne, matsayinsa matsayin masaba da awartaki ga maƙeri. Turmi abin da ya sassaƙa ne, matsayinsa matsayin fartanya da lauje. Kurmi kuwa inda yake samo kayan ne. Itace kaɗai ya zauna daram cikin jumlar.

Mataki na huɗu shi ne kiyaye alƙibla, domin dangantaka tana da gaba tana da baya. Auduga ita ake kaɗawa da mazari ta zama zare, zare shi ake saƙawa ya zama tufa. Idan asali ya ce auduga da zare, to amsar da ta ce zare da tufa ta dace, amma wadda ta ce tufa da zare ta juya al'amarin, ta sa ɗa ya haifi uwarsa. Yara masu kaifin basira sun fi faɗawa wannan rami, saboda gaggawa takan sa su ga kalmomin sun dace su manta da jerinsu.

Mataki na biyar, wanda ya fi sauran bukatar natsuwa, shi ne tsuke jumla idan aka ga amsoshi biyu sun shiga cikinta. A ce asali shi ne taswira da gini, aka kuma jera zane da aikin riga, da hoto da fuska. Idan yaro ya ce taswira siffar gini ce a kan takarda, to duka biyun sun shiga, domin zane siffar aikin riga ne, hoto kuma siffar fuska ne. Sai ya koma ya tambayi kansa, me ya keɓanta taswira? Zai ga ita siffa ce da ke gabatar abin, wadda ake bi a samar da shi, kamar yadda mai zanen riga ke fitar da aska takwas ko aska biyu a jikin yadi da alƙalami kafin maɗinki ya bi sawun da allura. Hoto kuwa sai abin ya wanzu ake ɗaukarsa. Da ƙarin wannan ƙaidi guda, sai amsa ɗaya ta faɗi, ɗaya ta tsaya.

Dangantakar da ke yawan zuwa ba ta da yawa, kuma ya kyautu a haddace ta kamar yadda ake haddace babbaƙu: mai aiki da kayan aikinsa, kamar baduku da basilla, kayan aiki da amfaninsa, kamar zugazugi da hura wuta, ɗanyen kaya da abin da aka fitar daga gare shi, kamar baba da shuni, yanki da gaba ɗaya, kamar azara da rufin soro, jinsi da nau'i, kamar tufa da saƙi, sababi da musabbabi, kamar tsatsa da karyewa, daraja da darajar da ta fi ta, kamar gwani da babban gwani, sai tsohon abu da magajinsa, kamar alƙalamin gamba da alƙalamin ƙarfe, wanda masana'antun Barmingam irin na Joseph Gillott da Josiah Mason suka cika duniya da shi a ƙarni na 19.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Akwai aikatau huɗu da tambayoyin ƙira ke yawan juyawa a kansu, waɗanda jama'a ke amfani da su kamar ɗaya ne alhali kowane da iyakarsa: ganowa, da ƙirƙirawa, da ingantawa, da kwaikwayo. Allah ya sa garuruwan da muke zaune cikinsu suna cike da shaidar kowanne.

Ganowa ita ce yaye lulluɓi daga abin da dama yana nan. Ernest Rutherford, wanda ya koyar a Jami'ar Mancesta daga 1907 zuwa 1919, kuma gidansa yana nan Withington a kan titin Wilmslow, bai halicci cibiyar ƙwayar zarra ba; a 1911 ya bayyana cewa tana nan, bayan gwajin da mataimakansa Geiger da Marsden suka yi da fallen zinariya. Haka nan Andre Geim da Konstantin Novoselov, da suka ɓanɓaro falle mai kaurin zarra guda daga baƙin da ake sa wa fensir a 2004, har aka ba su lambar Nobel a 2010, sun ware abin da ke ɓoye ne cikin halitta.

Ƙirƙirawa kuwa ita ce samar da abin da ba a taɓa harhaɗa irinsa ba, kamar na'urar da Frederic Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka gina a wannan jami'a, wadda ranar 21 ga Yuni, 1948, ta zamo kwamfutar lantarki ta farko da ta gudanar da umarnin da ke ajiye cikin ƙwaƙwalwarta.

Ingantawa ita ce gyara abin da wani ya riga ya yi. Mutane da yawa suna zaton James Watt ne ya ƙago injin tururi, alhali Thomas Newcomen ya riga shi tun 1712. Abin da Watt ya yi shi ne ya ware wani mazubi dabam inda tururi zai huce ya koma ruwa ba tare da an sanyaya jikin injin ba, ya sami takardar haƙƙin mallaka a 1769, sa'an nan ya haɗa gwiwa da Matthew Boulton na Barmingam a 1775. Haka John Kay, mutumin Bury a arewacin Mancesta, bai ƙago ƙoshiyar saƙa ba, wadda masaƙanmu suka daɗe suna jefawa daga hannu zuwa hannu. A 1733 ya sa mata 'yan ƙafafu da igiyar fizga, sai masaƙi ɗaya ya iya saƙa yadi mai faɗi da sauri.

Kwaikwayo kuwa shi ne maimaita abin da aka gani ba ragi ba ƙari. Saboda haka idan aka ce matsayin mai ƙirƙira ga na'ura shi ne matsayin mai ganowa ga me, amsar tilas ta kasance abin da dama yake akwai, kamar tauraro ko ma'adini, ba littafi ko gada ba. A kuma lura da kalmomin da tushensu ɗaya amma ɗaya yabo ce ɗaya zargi: wanda ya ƙago dabara an yaba masa, wanda ya yi ƙage kuwa ya yi ƙarya. A lura har wa yau da kalma mai fuska biyu. Maƙera jam'in maƙeri ce, kuma wurin ƙira ce, karin sauti kaɗai ke raba su, shi kuwa ba ya fitowa a rubutu. Kalmar da muka aro muka ce kwamfuta ma, a asalin Turanci sunan mutum ne mai sana'ar lissafi, kafin na'ura ta gaje sunan. Idan jumla ta ƙi zama, to a duba ko kalmar tana da wata ma'ana ta biyu.

Inda kiyasi yake tsayawa

Bai kamata a bar yaro ya ɗauka cewa wannan wasan jarrabawa ne kawai ba, domin kiyasi shi ne tsanin da masu ƙira da masu bincike suke hawa. Lokacin da Watt ya so ya fahimtar da masu masana'antu ƙarfin injinsa, sai ya auna shi da abin da suka sani, wato doki, shi ya sa har yau ake lissafin ƙarfin mota da na injin ban ruwa da ƙarfin dawaki. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya yi aiki da bakunan ƙasa da azara masu ɗaukar nauyin rufi, kuma sunan da magina suka ba irin wannan lanƙwasa, bakan gizo, shi kansa kiyasi ne da abin da ido ke gani a sama bayan ruwa. Bayan binciken Rutherford kuwa, sai aka riƙa kwatanta zarra da rana da duniyoyinta: matsayin rana ga duniyoyin da ke kewaya ta shi ne matsayin cibiya ga ƙananan ƙwayoyin lantarki.

Amma malamanmu sun yi gargaɗi game da kiyasi ma'al fariƙi, wato auna abu da wani alhali akwai bambancin da ke rushe awon. Duniyoyi suna janyo juna, ƙwayoyin lantarki kuwa suna ture juna. Kuma bisa ƙa'idodin da aka sani a lokacin, ƙwayar lantarkin da ke kewaya haka ya kamata ƙarfinta ya tsiyaye ta faɗa cikin cibiya, alhali ba ta faɗawa. Niels Bohr, matashin Denmak da ya zo Mancesta a 1912 ya yi aiki tare da Rutherford, shi ya tsaya a kan wannan farƙi, har a 1913 ya fito da bayanin cewa ƙwayoyin suna da matakai ƙididdigaggu da ba sa zama a tsakaninsu. Ashe ke nan kiyasi ya kai masu ilmi bakin ƙofa, sanin iyakarsa kuma ya buɗe musu ita. Yaron da ya saba tambayar ina suka dace, kuma ina suka rabu, ya sami abin da zai amfane shi bayan an manta da sakamakon jarrabawa.

Yadda za a yi bita a gida

Shawarata ga iyaye ita ce kada su jira sai jarrabawa ta ƙarato, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A keɓe minti goma bayan magariba ko a kan hanyar makaranta, a ba yaro tambaya uku ko huɗu, kada a karɓi amsa sai ya faɗi jumlarsa, ko da amsar daidai ce, domin dace ba ilmi ba ne. A fara da Hausa da kayan da ke cikin gida, ludayi da ƙwarya, allura da zare, allo da tawada, sa'an nan a juya tambayar zuwa Turanci, don ya gane cewa kalmomi ne ke sauyawa, dangantaka ba ta sauyawa. A tanadar masa ɗan littafi mai gida huɗu, na mai aiki, da kayan aiki, da ɗanyen kaya, da abin da aka samar, ya riƙa cikawa duk sa'ad da ya gamu da sabuwar sana'a. A kai shi gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Mancesta, wanda ke harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830, ko gidan tarihin alƙaluma na Barmingam, a tsaya gaban kowace na'ura a tambaye shi, wa ta gada, kuma wa ya gaje ta? Daga ƙarshe a sa shi ya tsara tasa tambayar da tarkunanta ya kawo wa manya, domin wanda ya iya ɗana tarko ba ya saurin faɗawa na wani.

Da haka muka bi da 'yar ƙanwata har tsawon hunturu. Wata rana muna tafe a titin Wilmslow, muka iso daidai gidan da aka liƙa wa shuɗin allo mai sunan Rutherford, sai ta tsaya ta ce, "Kawu, ga tawa. Matsayin zugazugi ga wuta shi ne matsayin me ga hankali?" Na ce, "Faɗi jumlarki tukuna." Ta ce, "Zugazugi ba ya kawo wuta, wadda ke nan yake hurawa har ta narka ƙarfe." Na ce, "To, amsar fa?" Ta ce, "Tambaya."

Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, ya sanya albarka cikin karatunsu na zaure da na boko, ya sa su zamo masu amfanar ƙasar da suke zaune da ƙasar da iyayensu suka fito. Amin.